Farar Motar da Ba Ta Zagayo Ba

Ina aji shida a firamare Gwaggo ta kai ni babban filin wasan yaran nan na bakin gari, kashegarin ƙaramar Sallah. Mama ba ta so ba. A shekarun nan duk inda jama'a suka taru wurin tsoro ne, kuma da ƙarfe shida na yamma ake hana fita. Amma Gwaggo ƙanwar Baba ce, kuma ba a iya mata a magana. Tun daga unguwar Moduganari ta zo gidanmu a unguwar Hausari, ta baje lafayarta a kan tabarma, ta ce yarinya ba ta san ko'ina ba sai makaranta da bakin rijiya, ga ta kullum shiru kamar an aiko ta ta manta saƙon. Mama ta yarda a ƙarshe. Ta ce kada na saki hannun Gwaggo ko da tuntuɓe na yi.

Kayan Sallata atamfa ce koriya mai zanen ganye ruwan ɗorawa. Da Mama ta saye ta a Kasuwar Litinin ina tsaye a gefe, na ji mai shagon yana cewa mu yi sauri, saura kaɗan, wasu sun zo sun kwashi turame da yawa. Sai kuma farin takalmi mai maɗauri, wanda yake cizona a dunduniya ban faɗa wa kowa ba.

Mai keke mai ƙafa uku da ya ɗauko mu bai kai mu ƙofar filin wasan ba. Ba a barin abin hawa ya matsa kusa. A wani fili mai nisa ya sauke mu, inda kowa yake ajiye motarsa. Mata biyu suka lalube mu a bayan zana, suka kwance jakar Gwaggo, suka shinshina kwalbar turarenta. Da muka fito sai ga fararen motocin bas a jere.

"Nawa ne zuwa ƙofa?" in ji Gwaggo.

"Kyauta ne, Hajiya," direban ya ce. "Ku hau kawai."

"Kyauta? A garin nan?"

"To in kuɗin ya dame ki, ki ba ni goro."

Abin da ya fara rikita ni shi ne babu yaron mota. Duk bas ɗin da na taɓa shiga akwai mai rataye a ƙofa yana kiran sunan unguwa, yana buga jikin mota. Waɗannan ba mai kiran komai. Ba rubutu a gabansu. Su cika, su tashi. Na zuba ido na gane hanyarsu: daga filin ajiye motoci zuwa babbar ƙofa, daga nan zuwa ƙofar baya wajen namun daji, sannan su dawo filin. Gwaggo ma ta lura. Da muka sauka ta riƙe haɓata ta ce, "In kin ɓace mini, kada ki yi kuka, kada ki bi kowa. Ki hau farar mota ki zauna. Duk zagayawa suke yi, za ta dawo da ke wannan ƙofar. A nan za ki same ni. Amma da biyar suke rufewa su tsayar da motocin, kin ji?"

Na gyaɗa kai. Na riƙe maganar kamar hadda.

A ciki na hau lilo mai juyawa sau biyu. Jirgin ƙasan yara yana tsaye saboda janareta ya ƙi tashi, amma yara sun cika shi suna yi masa kukan jirgi da bakinsu. Na ga jimina tana kallon mutane kamar ita ce ta zo yawon Sallah. A wajen jiminar ne na ga wata yarinya sanye da atamfata. Na kau da kai, sai ga wata. Sai ga su da yawa, a layi, kore da ganye, kore da ganye. Na dubi jikina na dube su.

Gwaggo ta yi dariya. "Ashe anko muka yi ba mu sani ba."

Wata mata a gefe ta ce yaran sansanin 'yan gudun hijira ne, an ɗinka musu kayan Sallah an kawo su su sha iska. Ni abin da na lura da shi ƙafafunsu ne. Dukkansu silifa shuɗi suka sa, sabo, wasu ya yi musu girma suna jan sa.

Da ƙarfe huɗu da rabi aka busa usur, kowa ya nufi ƙofa lokaci guda. Ƙofar ƙarama ce. Wani mutum ɗauke da ɗansa a wuya ya ratsa tsakanina da Gwaggo, hannuna ya kuɓuce. Kafin na tsorata sai na ji an kama zanena ta baya, an riƙe gam. Na ce a raina Gwaggo ce. Na bi turereniyar har waje, inda wata mata mai littafi a hannu take tura 'yan mata cikin farar mota tana cewa, "Are, are, ku zo! Ku shiga, ku matsa ciki!" Ta dafa kafaɗata ta tura ni.

Da na zauna na juya, sai na ga ba Gwaggo ce ke riƙe da zanena ba. Wata 'yar ƙarama ce, ba ta fi shekara biyar ba, da alawa a ɗaya hannun. Ta ɗago ta dubi fuskata. Bakinta ya ɗan buɗe, ta leƙa bayana, ta sake dubana. Ba ta saki zanen ba.

Ban damu sosai ba a lokacin. Farar mota ce, kuma na yi abin da aka ce na yi. Za ta zagaya ta dawo da ni ƙofa.

Matar mai littafi, wadda yaran suke kira Malama, ta bi kujeru tana dafa kawuna da biro. "Talatin, talatin da ɗaya, talatin da biyu. Alhamdulillahi, sun cika. Baba direba, mu tafi."

Muka wuce ƙofar baya, ba mu tsaya ba. Na ce ƙila don motar ta cika ne. Muka iso filin ajiye motoci, na ga zanar da aka lalube mu a bayanta, na ga masu keke suna ɗaga hannu. Na gyara zama ina jiran a buɗe ƙofa. Motar ta wuce, ta hau babban titi. Na ce ƙila akwai wata tashar da ban gani ba da safe, ƙila da yamma zagayen ya fi tsawo. Na riƙa neman dalilai ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana ƙarewa da mun wuce wata kwana. Agogon gaban motar yana nuna biyar saura kwata.

'Yan matan suna waƙa da Kanuri. Ina jin Kanurin kasuwa da na maƙwabta, amma nasu yana da sauri, na ƙauye, kalma ɗaya-ɗaya nake tsinta. Ta kujerar gaba ta juyo ta yi mini tambaya. Na yi murmushi na sunkuyar da kai, abin da nake yi ke nan a aji in ban san amsa ba. Ta kalli ƙawarta suka taɓe baki.

Da na sunkuya ne na ga ƙafafu. Silifa shuɗi a ƙarƙashin kowace kujera, har can gaba. Farin takalmi biyu ne kawai a motar, kuma ni nake sanye da su.

Nan na gane motar sansani na shiga. Amma wani abu ya ƙara ɗaure mini kai. In ni ba tasu ba ce, me ya sa suka cika? Na yi lissafin a tafin hannuna kamar a jarrabawa. Sun zo su talatin da biyu. Yanzu talatin da biyu ne har da ni. Na cire kaina, saura talatin da ɗaya. Na sake yi, ko na yi kuskure, domin Malama babba ce kuma tana da littafi. Amsar ba ta canza ba. Na dubi 'yar ƙaramar. Alawarta ta narke tana bin gwiwar hannunta, hawaye suna zuba ba sauti, tana ta leƙen tagar baya. A hankali ta ce, "Yaya."

Zanen yayarta ta ɗauka ta kama.

A duk shekarun firamare ban taɓa yin magana a aji ba sai an kira sunana. Ban san yadda ake tsayar da mota ba in babu yaron mota da za a ce wa akwai sauka. Sai na yi abin da na sani, na ɗaga hannu. Na daɗe hannuna a sama kafin Malama ta gani. Ta miƙo mini ruwan leda ta juya. Na karɓa, har na ce na gode.

Motar ta rage gudu. Mun kusa shingen sojoji, buhunan yashi da ganguna a tsakiyar titi. Yaran suka daina waƙa da kansu. Na san in muka wuce shingen, an gama. Za a rufe ƙofa Gwaggo tana tsaye, kuma akwai wata mai atamfa irin tawa da aka bari a can.

Na miƙe tsaye, 'yar ƙaramar ta miƙe tare da ni.

"Malama."

"Zauna, yarinya, mun kusa. In fitsari ne ki riƙe."

"Malama, ni ba taku ba ce."

Motar ta yi tsit, don haka kowa ya ji. Malama ta dubi atamfata, ta dubi littafinta. "Ba tamu ba kamar yaya? A wane tanti kike?"

Sai na ɗaga ƙafata na ɗora a kan ƙarfen kujera, na nuna mata takalmin. Ta kalle shi, ta kalli ƙafafun da ke kusa. Sannan ta ga wadda take riƙe da zanena, fuskarta ta canza. Ta yi mata tambaya da Kanuri, yarinyar ta fashe da kuka da ƙarfi.

"Innalillahi. Baba direba, tsaya! Mun baro yayar wannan!"

"Ba kin ce sun cika ba?"

"Sun cika mana!"

"To kai kika ƙirga, Malama. Gobe ki riƙa haɗawa da ƙafa."

Ba a juya mota a gaban shinge haka kawai. Direban ya kashe inji, ya sauka hannuwansa a sama, ya taka a hankali har wajen buhunan. Na ga yana nuna motar, yana nuna baya, yana nuna agogon hannunsa. Wani soja ya zo ya leƙo ta taga. Malama ta nuna ni, ta nuna takalmina. Ya daɗe yana kallona, ni kuma ina kallon maɓallin rigarsa da ya kusa tsinkewa. Daga baya ya yi wa direban alama da hannu ya juya.

Biyar ta wuce da minti bakwai muka iso. An rufe ɓangare ɗaya na ƙofar, masu sayar da balan-balan suna tattara kaya. Gwaggo tana tsaye daidai inda ta ce, lafayarta ta zame daga kai ba ta gyara ba. A hannunta na dama tana riƙe da wuyan hannun wata yarinya mai tsawona, kore da ganye, silifa shuɗi.

'Yar ƙaramar ta saki zanena tun motar ba ta gama tsayawa ba. Inda ta riƙe ya cukurkuɗe, ya yi danƙon alawa.

Gwaggo ta saki waccan ta cafke ni. "Ke! Mota uku na leƙa. Na jawo wannan baiwar Allah har bakin titi ina mata faɗa, sai da ta amsa mini da Kanuri na dubi fuskarta. Me ya sa ba ki yi magana ba tun farko?"

"Kin ce duk zagayawa suke yi."

Malama ta zo tana ba da haƙuri, Gwaggo ma tana ba ta haƙuri, kowacce tana cewa laifinta ne, har direban ya danna musu odar mota. Yayar ta goya ƙanwarta suka hau. Da motar ta tashi, 'yar ƙaramar ta manna fuskarta a gilashi tana kallona. Ban san ko in ɗaga mata hannu ba, kafin na yanke shawara sun yi nisa.

Saura farar mota ɗaya a ƙofar, ta ma'aikata da waɗanda suka makara. Gwaggo ta sa ƙafa ɗaya a kan matakala ta tsaya.

"Malam, ina za ka?"

"Filin ajiye motoci, Hajiya. Ai duk zagayawa muke yi."

"Haka na ce wa yarinyar nan ɗazu. Faɗa mini da bakinka, za ka tsaya a filin?"

"Zan tsaya."

"Ka ce wallahi."

Sai da ya ce wallahi muka hau. Ta zaunar da ni ta gefen taga, ta naɗe wuyan hannuna da bakin lafayarta, ta riƙe. Sai a lokacin na lura ruwan ledar Malama yana hannuna tun ɗazu, ya yi ɗumi, ban sha ba.