Dinatu Mai Ƙwace Ƙwarya

Shekara talatin da ɗaya, ƙarfe shida na safe bai taɓa samun Malama Dinatu Ɗanjuma a gida ba. Kafin masu ƙosai su hura wuta a bakin titi, ta riga ta isa ƙaramin asibitin ido na mishan da ke gefen hanyar Malumfashi, ta wanke hannu har gwiwa, ta yi gajeriyar addu'arta a tsaye, ta fara bin gadaje. Waɗanda aka cire wa yanar ido jiya suna zazzaune, kowa da auduga da filasta a ido ɗaya. Ita ke ɓamɓare filastar, ta goge kwantsa, ta ɗiga magani, ta ɗaga yatsu ta ce, "Baba, nawa ka gani?" Shi ya sa daga Tsiga har Dandume akwai tsofaffi masu yawa da fuskarta ce farkon abin da suka gani bayan shekaru a duhu. Ita kanta takan ce su yi haƙuri, ita aka samu, masu kyau duk sun tafi Kaduna.

Dinatu ba likita ba ce. Likita ke shiga ɗakin tiyata, cikin minti ashirin ya cire yana, kyauta, Allah ya saka masa da alheri. Amma ido ba ya warkewa a minti ashirin. Sai ya yi kwana arba'in ba hayaƙi, ba ƙura, ba sunkuyo, ba kwalli. To, a gaya mana wane manomi ne zai zauna kwana arba'in da kaka don an rubuta masa a takardar da ba ya iya karantawa? Dinatu ta gano wannan tun tana sabuwa. Takan ce, "Ba ciwo ke ɓata mana aiki ba, murna ce." Mutumin da ya shekara ana jansa da sanda, ranar da ya ga hannunsa, abin da zai fara nema shi ne laujensa.

Sai ta ɓullo da tata dabara. Ba wanda za a sallama sai 'yan'uwansa sun kawo mata abin aikinsa. Namiji lauje ko fartanya, mace ƙwaryar shiƙa da tandun kwalli, maƙeri guduma. Ta manna filasta a jiki, ta rubuta suna da gari, ta jefa a wani ɗan ɗaki da ke bayan asibiti. Wanda ke son kayansa ya dawo ranar arba'in, a duba idon, a miƙa masa. Ta san sarai ana iya aron lauje a maƙwabta. Amma ta san mutanenta: abin da ka miƙa da hannunka a gaban jama'a, kunya ba za ta bar ka ka ɗauki na wani ba. An zage ta a kan wannan, an kira ta mai ƙwace ƙwarya, sunan kuma ya bi ta.

Sau ɗaya aka yi mata wayo, kuma tsohuwa ce ta yi.

Inno mutuniyar Mahuta ce. Idonta na hagu ya mutu tun da daɗewa, a hannun wani mai yawon kasuwanni da ke tura yana da tsinken ƙarfe. Babban ɗanta Mannir ne ya kai ta, saboda an ce masa 'yan mishan sai sun juya wa mutum addini kafin su taɓa shi. Ya gwammace tsinke. Shi mai tsinken ya tattara tabarmarsa ya yi gaba, har yau yana wata kasuwar yana kashe idanun iyayen mutane, ba wanda ya ce masa kanzil. Da yanar ta rufe na daman, Inno ta shekara huɗu a ɗaki. Sau uku Dinatu tana hawa babur zuwa Mahuta da 'yar tocilarta kafin Mannir ya yarda. A zuwa na uku ta ce masa, "Malam Mannir, kawo ta da carbinta. Da shi za ta koma."

An yi aiki da kaka, ana tsakiyar yankan dawa. Da safe Dinatu ta cire filasta. Inno ta ƙirga yatsu daidai, sannan ta juya ta ƙura wa ɗanta ido. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. Ta ce, "Ashe yaron nan har ya yi furfura." Da aka zo sallama aka nemi ƙwarya, sai tsohuwa ta buɗe hannu ta ce, "Haba Malama, makauniyar shekara huɗu ina ta ga ƙwarya? An rabe kayana tun ina da rai." Dinatu ta ji tausayi, ta karɓi tandun kwalli kawai, ta sallame ta.

Kwana biyar bayan nan wani mutumin Mahuta ya kawo matarsa awon ido. Yana ta sa albarka, ya ce ai aikinku ya yi kyau, Inno ta warke sarai, jiya ma a masussuka ya bar ta tana shiƙa. Dinatu ba ta bari ya rufe baki ba. Ta danƙa wa abokiyar aikinta layi, ta tada babur.

Ta tarar da ita a bayan gari, cikin mata, ta ɗaga ƙwarya sama tana zubo dawa, iska na kwasar ƙaiƙayi tana watsa mata a fuska. Baƙin tabarau da aka ba ta yana bisa ɗankwali. Idon ya yi ja, yana zubar ruwa. Mannir kuwa yana zaune a kan buhu yana nuna wa mutane uwarsa, cike da alfahari.

Waɗanda ke wurin sun ce ko sallama Dinatu ba ta yi ba, abin da ba halinta ba ne. Ta nufi Mannir ta ce, "Idon farko ka kai shi kasuwa an kashe. Wannan a gabanka za a kashe shi, kana dariya?"

Ya miƙe yana kame-kame. "Malama, wallahi ita ta matsa. Ya zan hana uwata?"

"Da wuta ta nufa, sai ka tsaya kunya?"

Ta juya ta kama ƙwarya. Inno ta riƙe gam. Tsohuwa ta ce, a hankali, ba ta ɗaga murya ba, "Malama, shekara huɗu ana ajiye min tuwon da ban taɓa hatsinsa ba. Ina jin lokacin da ake ajiyewa, ina jin yadda ake ajiyewa. Ki bar ni in ci gumina ko na kaka ɗaya."

Dinatu ta ce daga baya ba ta taɓa jin maganar da ta karya mata zuciya kamar wannan ba. Amma ba ta saki ba. Ta ce, "Inno, ido ɗaya ya rage miki. Ba na uku. In wannan ya tafi, tuwon da kike gudu shi za ki ci har ƙasa ta rufe ki." Suka tsaya riƙe da ƙwarya, mata sun yi cirko-cirko. Can sai tsohuwa ta sassauta yatsu.

A ranar ta goyo ta a babur zuwa asibiti, ƙwaryar ɗaure a baya. Likita ya duba ya ce ƙwayar cuta ta shiga, ba ya alkawari. Aka shiga ɗiga magani awa-awa, kuma Dinatu ta ƙi barin kowa ya karɓe ta, don ta ce kuskuren nata ne, ita ta yarda da maganar tsohuwa. Kwana tara ana wannan fama. A na goma ta ɗaga yatsu. Inno ta daɗe tana kallo, ta ce, "Uku." Ganin bai koma tar kamar na ranar farko ba, amma ya isa ta tsince tsakuwa a wake, ta gane jikokinta daga nesa. Shekara tara ke nan, da idon nan take rayuwa.

Malama Dinatu, ke ce kika san cewa buɗe ido daban, tsare shi daban. Ke ce kika bi hanyoyin da ma'aikata masu motar ofis suka daina bi tun da tsaro ya lalace. Ke ce kika sha zagi a masussuka da bakin murhu don wani ya ci gaba da ganin fuskar ɗansa.

Yanzu ga abin da ya sa alƙalamin nan ke zafi. Duk shekara, in an yi babban aikin ido na kyauta, manya kan zo ranar cire filasta. Ba sa zuwa ranar wanke kwantsa. Su zo da malum-malum da masu ɗaukar hoto, a ce wa Dinatu ta ɗan matsa gefe, a miƙa wa wani mai muƙami bakin filastar ya ja. Tsoho ya buɗe ido ya ga baƙon da bai san sunan garinsu ba, a yi tafi, a shiga mota. Wannan ma mun haƙura. Amma bara sababbin masu kula da wurin suka leƙa ɗan ɗakin baya, suka ga lauje da ƙwarya, suka ce tarkace ne, abin kunya ne a gaban baƙi. Aka kwashe, aka shafa fenti, aka jera kujeru. Aka ce a daina karɓar kayan mutane, ba tsari ba ne. A kakar nan mutum biyu suka dawo da idon da ya riga ya lalace. Ba wanda ya zo ɗaukar hotonsu. Dinatu ba ta yi gardama da kowa ba, ta mai da ajiyar zauren gidanta, ta ci gaba da ƙwace.

Da lokacin ritayarta ya yi aka tara mutane, aka yi jawabi a kan masu ba da taimako na nesa da na kusa, aka ambace ta a ƙarshe, aka ba ta agogon bango. Agogo, ga matar da ba ta taɓa makara ba. Kuma cikin masu tafin babu wanda ya lura cewa da ƙyar take ganin hannun agogon. Ita ma yanar ta kama idonta na dama tun shekara biyu. Ta rubuta sunanta a ƙarshen layi kamar kowa, ta ƙi a tsallake da ita, ta ce akwai masu ido biyu a rufe.

A watan jiya layi ya zo kanta. An yi aiki, an cire filasta, an sallame ta. Matar da ta bi mutane gida shekara talatin da ɗaya, babu wanda ya bi ta gida.

Sai dai labari ya kai Mahuta. Rana ta uku da hantsi keke mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofar gidanta. Mannir ya fara sauka, ya sauke ƙunshin kaya, sannan Inno ta sauko da kanta, ba wanda ya riƙe mata hannu. Ta ratsa zaure, ta wuce laujuna da ƙore masu filasta, ta shiga tsakar gida. Me za ta gani? Malama Dinatu a sunkuye gaban murhu, hayaƙi ya turnuƙe ta, tana tuƙa tuwo, tabarau a bisa ɗankwali.

Inno ta ce, "Ke ma?"

Dinatu ta fara cewa ai ɗan kaɗan ne, jikoki za su dawo daga makaranta. Tsohuwa ba ta saurare ta ba. Ta kama muciya. Daga baya Mannir ya ce sun ɗan yi ja-in-ja a kanta, amma ba a daɗe ba Dinatu ta saki. Inno ta yagi bakin tsumma ta ɗaura wa muciyar, ta miƙa masa ta ce, "Yaro, kai wannan Mahuta. Sai kwana arba'in. Ni ina nan."

Malama Dinatu, mun gode. Godiyar da aka ƙi yi miki a gaban lasifika, ga ta daga bakin waɗanda ke ganin hanyar gonarsu saboda taurin kanki. Allah ya ba ki lafiya, ya tsare miki idonki yadda kika tsare na mutane. Ku kuma matasan da ke sa farin kaya yanzu, in kuna son gadonta, ba a ofis yake ba. Ku bi majinyaci gida, ku shiga masussuka, ku yarda a zage ku. Masu mabuɗin ɗan ɗakin nan kuwa, su fitar da kujerunsu tun kaka ba ta sake zuwa ba.

Yau kwana ashirin da shida. Kowace safiya Inno kan zaunar da ita a kan kujera 'yar tsuguno, nesa da murhu, ta karkata kai don ta saita da idonta guda, ta ɗiga mata magani. Sannan ta ja da baya, ta ɗaga yatsu ta ce, "Malama, nawa kika gani?"