Mai Gadin Takalma

Duk faɗin Filato ba a taɓa yin mutumin ruwa kamar Mwadkon ba. Haka abokansa suke faɗa, kuma ba za a ce ƙarya suke yi ba. Sai dai Jos ba ta da teku, ramukan da masu haƙar kuza suka bari ne ruwan sama ya cika, ake ce musu dam. Shi kuwa Mwadkon bai taɓa shiga ruwa ya wuce gwiwarsa ba.

Kafinta ne, Birom, Kirista mai zuwa coci da taye. Uzairu mai faci na Anguwan Rogo ya san shi tun suna samari, ranar da tayar kurar turawa ta Mwadkon ta fashe a kasuwar Katako da lodin itace a kai. Daga nan ne Uzairu da abokansa suka fara zuwa iyo duk Asabar a wani dam da ke bayan unguwarsu Mwadkon. Shi Mwadkon aikinsa ya hau dutse da rediyonsa, ya tara takalma da wayoyi a gabansa, yana kushe iyon kowa.

"Uzairu, wannan iyo ne, ko kaza ce ta faɗa rijiya?"

"Shigo ka koya mana, oga."

"Ni? Ranar baftisma ma sai da fasto ya riƙe ni hannu biyu."

Da rikice-rikice suka raba garin, kowa ya san titin da ba ya tsallakawa, dam ɗin ya faɗa ɓangarensu Mwadkon. Ba su taɓa yin maganar ba. Amma in samarin unguwar suka leƙo suka ga hulunan Hausawa a kan dutse, sai su ga Mwadkon zaune kusa da su, su gaishe shi su wuce.

Hawan jini ne ya kashe shi, a kan gadonsa, abin da a Jos ake sawa cikin sa'a. Uzairu ya yi niyyar zuwa jana'iza. Matarsa ta ɓoye makullin babur. Sannan Loyis, matar mamacin, ta kira shi a waya.

"Baban Kausar, kar ka zo. Mutane sun yi yawa, ba duka na sani ba."

Ya ji sanyi a ransa da ta hana shi, kuma wannan sanyin ne ya tsaya masa a wuya. Aka binne abokinsa bai yi masa sallama ba.

Lukuman mai keke ne ya kawo dabara. Ya nuna masa a waya yadda wasu Turawa masu hawan igiyar ruwa suke yi wa nasu: su shiga teku a kan allunansu, su yi da'ira, su watsa furanni. Allo dai babu, amma Uzairu yana da tsofaffin tiyub na tayar mota jibge a shago. Ya lilliƙe su ya hura. Suka kira Pwajok, ƙanin mamacin, ya ce zai zo.

A hanya Lukuman ya rage murya ya ce, "Ka san dai an ce ba a cewa Allah ya jiƙansa ga wanda ba Musulmi ba."

"Na sani."

"To me za ka ce?"

"In mun je ka ji."

Suka tube a kan dutsen, kowa ya rungumi tiyub, suka tura zuwa tsakiyar ruwa. Da'irar ba ta yi kyau kamar ta waya ba, don tiyub ɗin Lukuman yana sacewa, yana ta karkata. Pwajok ya zo da furannin roba da suka rage daga coci. Ya yi waƙa da Birom, sannan ya dubi Uzairu, don shi ne babba a wurin.

Kalmomi uku ne, kuma tun ranar rasuwar suke bakin Uzairu. Ya dubi Lukuman, ya dubi sauran 'yan unguwarsu da za su koma gida tare, su haɗu a masallaci ɗaya.

"Allah ya ba mu haƙuri," in ji shi.

Addu'a ce mai kyau, ba wanda zai kama shi da laifi a kanta. Masu rai kawai ta shafa.

Pwajok ya ce amin. Ya ɗan jira ko da saura. Da ya ga babu, sai ya faɗa da kansa, da Hausar da suke yi a coci: "Allah ya jiƙan Mwadkon." Uzairu ya motsa leɓe, amma ko shi bai ji abin da ya fito ba.

Suka watsa furannin. Da yake roba ne ba su nutse ba, iska ta kaɗa su suka taru a gefe tare da ledojin ruwa. Lukuman ya ce an yi abin kirki, ko a teku sai haka. Suka juya zuwa gaɓa, Uzairu a baya.

Ba wanda ya tuna ya bar mutum a kan dutsen. Da suka fito, babu takalmi ko ɗaya.