Ranar da Na Yaba Shayin Gishiri

Edita, sallama gare ka da masu karatu. Ku yi haƙuri da Hausata, ta unguwar Hindawiyya ce a Jidda, wani wurin sai Larabci ya tsoma baki. Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara arba'in da 'yan kai, ina da shagunan askirim huɗu a Jidda, kuma gaskiya ina ji da kaina. Kakana ne ya zo aikin hajji daga ƙasar Hausa bai koma ba, mu kuma muka taso a nan. Da firizar mahaifiyata na fara sana'ar. Ina ƙulla zoɓo da tsamiya a 'yan ledoji, in sun daskare in sayar a ƙofar gida. Daga baya na sayi ƙaramin inji, na fara haɗa madara da kayanmu na gida: fura, dabino, tsamiya da garin 'ya'yan kuka. Larabawa suka ɗanɗana suka dawo da iyalansu. Tsofaffin unguwarmu kuwa na kuka suke so, wai yana tuna musu gida, alhali wasunsu ko hanyar gidan ba su sani ba.

Ba ni kaɗai na tayar da sana'ar ba. Akwai wata baiwar Allah, Bahaushiyar Sudan, maƙwabciyarmu a da, wadda ta girme ni da kusan shekara goma. Ba mu haɗa jini ba, amma Yaya nake ce mata tun ina ƙarama. Ita ce mai haɗi, ni ce mai ɗanɗano. Kullum da safe, kafin motoci su kwashi kaya zuwa shaguna, sai a jera min ƙananan kofuna a ɗakin haɗi da ke unguwar Sharafiyya, in ɗauko wani ɗan cokali na mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, in bi su ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikata su yi tsit suna kallon bakina. In na ce halas, wato ya yi, kaya ya fita. In na ce a ƙara citta, a ƙara. Har kirari ake min da harshen nan, ana cewa zan iya gane dabinon da ya kwana a rana. Ni kuma na yarda da zancen, na ɗauka harshena ne shagon gaba ɗaya.

Sai na yi wani zazzaɓi mai haɗe da mura, na kwanta sati biyu. Na warke sarai, amma ranar da na koma aiki na kai cokali baki, sai na ji sanyi kawai. Babu zaƙi, babu tsami, babu ƙamshi. Na ɗauki na tsamiya, wanda a da yake sa ni runtse ido, shi ma sanyi. Ga mutum bakwai a tsaye suna jiran hukunci, ga Yaya da ludayi a hannu. Sai na gyaɗa kai na ce halas. Daga baya na je wurin likita, ya gaya min abin yakan dawo, wani lokaci da wuri, wani lokaci ya daɗe, wani kuma ba ya dawowa duka. Na fito daga wurinsa na ƙudura ba mai ji, har maigidana da 'ya'yana. Tsoro nake ji. Ina ganin in aka san harshen ya tafi, to ni ma na tashi daga aiki.

Wata bakwai ina wannan wasan kwaikwayo. Don kada a zarge ni, sai in riƙa ƙirƙirar gyara. Yau in ce a rage sukari a na dabino, gobe in ce kanumfarin fura ya yi yawa, duk da ka. Yaya takan dube ni ta ce to, ta juya ga tukwanenta. Abin mamaki, kaya na fita lafiya, ba wanda ya koka. Maimakon in gode wa Allah in tsaya haka, sai na fara gaya wa kaina cewa ashe ko babu harshe ƙwarewata ta isa.

Ranar da na tafka ta, sabon garin kuka aka kawo daga wani ɗan kasuwa da ni na zaɓo shi. Yaya ta matso kusa da ni, ta yi ƙasa da murya, ta ce garin nan ya daɗe a ajiye, yana warin buhu, kada a fitar da shi. Da na ce to, da magana ta ƙare a nan. Amma sai na ga ma'aikata sun kasa kunne, na ji kamar sarautata ake taɓawa. Na ɗebo da cokali, na juya shi a baki kamar mai nazari, na ɗaga murya na ce lafiyarsa ƙalau, ita ce tsufa ya fara cin harshenta, in ba za ta iya ba ta faɗa a nemo wani. Edita, ni da ko barkono ba na ji, ni ce na gaya wa Yaya haka a gaban mutane. Ta wanke hannu, ta rataye rigar aikinta a ƙusa, ta yafa abayarta ta fita. Washegari ba ta zo ba, jibi ma haka.

Cikin sati biyu komai ya fara karkacewa. Yanzu duk gyaran da na faɗa, ma'aikata yi suke yi kamar yadda na faɗa. Tsofaffin Hindawiyya suka daina aiko jikokinsu sayen na kuka. Wata ƙawar mahaifiyata ta tare ni a hanya, ta tambaye ni cikin raha ko injin nawa ne ya yi mura. Na yi dariyar yaƙe na wuce. Amma ba raguwar ciniki ce ta fi damuna ba. Rigar nan ce da ke rataye a ƙusa, wadda ba wanda ya yarda ya taɓa, kullum da safe sai mun haɗa ido da ita.

Wata Juma'a bayan la'asar na je gidanta a unguwar Kurayyat. Ko a hanya ban yi niyyar faɗin gaskiya ba, so nake in lallaɓa ta ta dawo kawai. Ta karɓe ni da fara'a, ta tambayi yara da babansu, ta shiga ciki ta fito da shayi irin nasu na Sudan mai madara. Na kurɓa, na ƙara kurɓa, na fara zuba yabo, ina cewa ba mai haɗa shayi kamarta, sukarin daidai ya tsaya. Ta bar ni na sha rabin kofi, sannan ta karɓe shi daga hannuna ta ce in bari haka kada cikina ya ɓaci, gishiri ta zuba cokali biyu, ko ƙwayar sukari babu.

Na rasa inda zan sa kaina. Ta ce tun satin farko ta gane, ranar da na sha na tsamiya ban runtse ido ba, ita da ta san ni tun ina ƙulla leda. Ta ce duk gyaran da nake bayarwa, to take cewa, ta yi abin da ya dace, don kada a gane. Jira take in gaya mata da bakina, ba ta so ta kunyata ni. Wato wata bakwai matar nan tana rufa min asiri, ni kuma da ta zo min a hankali sai na tozarta ta a bainar jama'a. Na yi kuka sosai, na ce Yaya ta yafe min. Ta ce yafiya ta yi tun a ƙofar ɗakin haɗi, amma maganar da aka faɗa a gaban mutum bakwai ba a janye ta a ɗaki. Ta kawo wani shayin, ta rantse wannan na sukari ne, muka yi dariya ina share hawaye.

Ranar Lahadi na tara ma'aikata na gaya musu komai, na ce garin kukan nan Yaya ce ke da gaskiya, na ba ta haƙuri suna ji. Sannan na miƙa mata cokalin mahaifiyata. Ba wanda ya raina ni. Ɗaya daga cikin direbobi ma ya ce dama suna mamakin wace irin fura ce ake rage wa kanumfari sau uku a sati.

Yau shekaru sun ja. Ɗanɗano ya dawo min rabi da rabi: ina jin zaƙi da gishiri, ƙamshi kuwa sai jefi-jefi. Shaguna sun zama shida, tsofaffi sun dawo, ni kuma na koma kula da ma'aikata da baƙi, wanda ashe na fi iyawa. Alhamdu lillahi, hankalina a kwance yake fiye da lokacin da ake min kirari.

Abin da nake so in gaya wa masu sana'a, musamman waɗanda Allah ya ɗaga, shi ne: in wani abu ya ragu a jikinka ko a iyawarka, faɗa wa na kusa da kai tun da wuri. Sau da yawa sun riga sun sani, kawaici suke yi maka. Kuma wanda ya zo ya gyara maka a hankali, kada ka amsa masa da ƙarfi don kana jin tsoro. Ni tsorona ya kusa raba ni da matar da ta fi kowa riƙe ni.

Har yanzu kullum da safe ina zuwa ɗakin haɗi. Ina tsayawa cikin ma'aikata, mu yi tsit, Yaya ta kai cokali baki. In ta runtse ido a kan na tsamiya, sai in san ya yi, in ce da direbobi yalla, a tafi.