Sunayen da Baba Ya Bar Min

Na sha cika baki cewa duk Jidda babu wanda ya kai ni sanin tarihin tsohon masallacin ƙauyen bayan unguwar Sa'alaba, wanda nake rantsuwa ya girmi Bahar Maliya.

Jiya ƙanshin farar ƙasa ya tuno min da marigayi Baba. Kafin kowane hajji yakan shafe bangon masallacin da ita, hannunsa fari fat, yana dafa duwatsun yana kiran sunayen mahajjatan da suka zo a ƙafa suka gyara shi. Yakan ce, "Riƙe su, ɗana." Ni kuwa ina ta barkwanci.

Bara aka rushe masallacin, kwalta ta bi ta kai. Allah Ya haskaka kabarin Baba, Ya yafe min.

Na kai yayata wurin, ko suna ɗaya na kasa tunawa. Ta ce, "Halas, zance ya ƙare, sarkin baki. Ko inda ƙofar take ba ka sani ba."