Abin da Baffa Ya Faɗa a Hanyar Pitowa

Jiya wani matashi ya wuce ƙofar shagona a Garwa da babur mai fasasshiyar salansa, sai marigayi Baffa, ƙanin mahaifina, ya faɗo mini a rai. Makanikin babur ne. Kafin ya ɗauki sifana, yakan tsuguna ya tara tafinsa a bakin salansa, ya shaƙi hayaƙin, ya lumshe ido.

Lokacin da nake acaɓa, na sa mai walda ya cire cikin salansata, don an ce babur zai ƙara gudu. Baffa ya saurari ƙarar, bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Kai ni Pitowa."

Muka kama hanya. Ina jin gemunsa yana motsi a kafaɗata, amma ƙara ta cinye maganar. A shimfiɗaɗɗiyar hanya babur ya yi ta tashi, da muka zo hawa sai ya riƙa nishi, zafin inji yana dukan ƙafata.

Da muka sauka ya ce, "Me na ce maka a hanya?"

"Ban ji ba, Baffa."

"Sau uku na ce ka tsaya. Da mace ce da goyo ka ɗauko, zaninta ya kwance fa?"

Muna dawowa ya gyara salansar da hannunsa, bai sake tayar da zancen ba har ya bar duniya.

Ya Allah Mai jin kowa, Ka ji roƙona a kansa, Ka gafarta masa, Ka sanyaya makwancinsa.