Malam Ilya da Ginin Cikin Dutse

Malam Ilya magini ne, mutumin Tawa. Da laka ya koyi gini a hannun mahaifinsa, amma shekara talatin da ya yi a birnin Lyon, siminti kawai aka ba shi ya riƙa kwaɓawa. A unguwar Minguettes yake zaune, a bene hawa na tara. Matarsa ta rasu, sai ɗiya ɗaya, Rékia.

Rékia ta karanta ilimin gini a Villeurbanne, kusa da Lyon. Da ta gama, ta samu aiki a Amurka, a Mesa Verde, inda mutanen da ake kira Anasazi suka gina ɗakunansu a cikin kogon dutse, suka tashi suka bar su sama da shekara ɗari bakwai da suka wuce. Yanzu wurin gandu ne na gwamnati, ana kiyaye shi. Aikinta shi ne liƙe bangon da ya tsage.

Kowace Lahadi sai ta kira shi.

"Baba, lakar da na shafa tana tsagewa in ta bushe."

"Ruwa ya yi yawa, ɗiyata. Ƙara yashi, ki bar ta ta kwana."

Ta gwada, lakar ta kama. Shugabanta ya tambaye ta wa ya koya mata, daga nan aka aiko wa Malam Ilya takardar gayyata ya zo ya yi sati uku tare da su. Bai taɓa samun takarda da ta kira shi gwani ba. Ya nuna wa liman, ya nuna wa mai burodi.

Ya tafi Paris neman biza, ya sauka Stains, a gefen birnin, gidan abokinsa Sadisu. Da safe Malam Ilya yana ɗaura agogo sai ya faɗi. Ya rayu, amma hannun dama ya shanye, harshe ya yi nauyi.

Rékia ta ajiye aikin ta dawo. Da ya gan ta a bakin gadon asibiti, ya daɗe yana kokawa da bakinsa kafin kalma ta fito.

"Koma."

"Ba inda za ni, Baba."

Ya juya fuska bango. Kwana biyu bai ci abinci ba.

Shekara uku ke nan. Rékia tana aiki a wani ofis a Lyon, tana duba zanen wuraren ajiye motoci. Ita ke yi masa aski, ita ke tura kekensa zuwa masallaci ran Juma'a. Ba ta taɓa yi masa ƙorafi ba, abin da ya fi ci masa rai ke nan.

Kwanakin baya Sadisu ya zo duba shi. Rékia na kicin, Malam Ilya ya jawo rigar abokinsa da hannun hagu.

"Ni na tsare ta," ya ce a hankali.

Sadisu ya ce lamarin Allah ne. Malam Ilya bai musa ba. Da Rékia ta shigo da shayi, ya share ido da kafaɗa, ya buɗe baki ta ba shi.