Ummu Falah Mai Tausa a Hanyar Karbala

Gwaggona Sabriyya, wadda kowa ke kira Ummu Falah, shekara talatin ta yi tana gasa gurasa a garin Samawa, shi ya sa hannunta ya fi na wasu maza ƙarfi. Duk ziyarar Arba'in, idan masu tattaki suka cika hanyar Karbala, sai ta kashe tanderu ta tare a tantin mata na bakin titi, da kwalbar man zaitun, tana yi musu tausa.

Matan Basra kan iso da ƙafafu kamar turmi. Takan ɗora dunduniyar mace a cinyarta, ta fara daga tafin ƙafa, ta riƙa murzawa sama har gwiwa.

"Wayyo, Inna! Ƙullun gurasa kika mai da ni?"

"Ƙullu ya fi ki haƙuri. Miƙo ɗayar."

Amma ba lada kaɗai take nema ba. Ɗanta Falah, direban babbar mota, ya yi arewa wajen Mosul da lodin tumatir shekarar da yaƙi ya ɓarke a can, bai dawo ba. Ba gawa, ba mota, ba labari. Ta bi ofisoshi har masu gadi suka daina amsa mata sallama. Sai ta lura cewa wadda aka riƙe wa ƙafa ba ta da halin tashi, dole ta saurara. Kowace mace sai ta nuna mata hotonsa.

A shekara ta tara da ɓatansa, wata ranar da hantsi, ina miƙa mata tawul, wata Bahija daga Kirkuk, can arewa, ta daɗe tana kallon hoton.

"Kamar na san fuskar nan. Akwai wani mai wanke motoci a tasharmu, ba ya magana, ba wanda ya san danginsa."

Gwaggo ta damƙe mata ƙwauri.

"Yana da tabo a gira?"

"Inna, kina ji mini ciwo! Wallahi ban duba ba."

Ko hannu ba ta wanke ba ta ja ni muka fita. Duk duniya Karbala ta nufa, mu kaɗai muke neman motar arewa. Kwana muka yi da yini, a matse, ba wurin miƙe ƙafa. Kafin mu isa nata ƙafafun sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Na ce ta bari in ɗan matsa mata, ta buge hannuna, ta sauka ba takalmi.

Muka sami mutumin a tashar Kirkuk, a tsugune da bokiti. Gajere ne, Falah kuwa dogo. Duk da haka ta tallafo fuskarsa ta juya ta wajen rana, tana shafa girarsa.

"Falah, ni ce. Ka ce wani abu."

Na ce, "Gwaggo, ba shi ba ne."

"Rufe mini baki, 'yar nan! Wahala tana rage mutum."

Sai mai shayin tashar ya matso, ya ce a hankali, "Hajiya, ki yi haƙuri. Shekara ashirin bawan Allahn nan yana nan."

Ta zauna daɓas a cikin ruwan wankin, ta kasa tashi. Mu uku muka ɗaga ta zuwa motar komawa gida. Ba ta yi kuka ba. Da muka hau titi ta leƙa gaba, ta taɓa kafaɗar direba.

"Ɗana, kana bin hanyar Mosul wani lokaci?"